Ruwan Alwala a Gindin Lemu

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara. Tun hantsi rana take fara dukan kwanon ɗaki, kafin azahar kuwa ko ƙadangare ba ya yarda ya ratsa tsakar gidana, don duwatsun intalok da na shimfiɗa sun ɗauki zafi kamar tanda. Ran sha biyu ga wata maiɗakina Hajara ta ce in biyo mata da lemun tsami da zogale idan na taso daga shago. Na tsaya gaban wani mai tebur a bakin kasuwa ina matsa lemun ɗaya bayan ɗaya, duk sun ƙanƙance sun yi tauri. Da mutumin ya gaji da ni sai ya ce, "Alhaji, in za ka saya ka saya, matsa ba ta sa mashi ruwa."

Na yi dariya don gaskiya ya faɗa, amma dariyar iya baki ta tsaya. Ni Lawal, da na tashi a gidan da mutanen unguwa uku suke aikowa a tsinko musu lemu, yau ni ne tsaye a rana ina zaɓe cikin busasshe. Na karɓi abin da ya ƙulla mini a leda na shiga mota, na daɗe ban tayar da ita ba.

Masu lissafin wata sun ce azumi yakan yi shekara talatin da uku kafin ya zagayo ya sake faɗowa inda ya bari. Ke nan irin wannan azumin na yi ina ɗan shekara goma sha biyar, a wannan gida namu na Ƙofar Durbi. Lokacin tsakar gidan ƙasa ce, kuma fiye da rabinta lambun Inna ne.

Inna, mahaifiyata, ɗiyar mai lambu ce. Mahaifinta a bayan ganuwa ya ƙare rayuwarsa yana ban ruwa da jigo, wurin da yanzu gidaje suka cinye kaf. Da aka kawo ta gidan Baba, wanda baduku ne, cikin kayanta har da wani gora cike da iri da aka cakuɗa da toka don kada ƙwari su ci. Baba yakan ce shi mata ya aura, sai ya wayi gari ya ga an ba shi manomi. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa faɗin sunana ba. "Kai" take ce mini, in ta yi nisa da ni ta ce "yaron nan", har na yi furfura.

Da damina kabewa takan haye rufin madafa ta kwanta a kai, kuɓewa ta fi ni tsawo, yakuwa da rama da lalo su cika lungun rijiya. In ruwa ya ɗauke sai ta juya ƙasar ta zuba tumatir da tattasai da alayyafo, tana ba su ruwa da guga safe da yamma. Zogale ya jeru a jikin katanga, ga gwanda biyu, ga gwaiba ɗaya da muke faɗa da tsuntsaye a kanta. Inna sai ta ɗora tukunya ruwa ya fara tafasa sannan take shiga lambu ta karyo kuɓewar da za ta kaɗa. Har yau idan na murza ganyen tumatir na shinshina yatsuna, hannunta nake ji. Ba mu da wadata, amma ban taɓa ganin an aiki wani cefanen kayan miya daga gidanmu ba, sai dai maƙwabta su turo da ƙwarya a tsakuro musu.

A tsakiyar duk wannan, daura da ƙofar ɗakinta, akwai ɗan itacen lemun tsami. Dashe ne mahaifinta ya kawo mata cikin fasasshiyar tukunya a shekarar da ya rasu. Ya shekara huɗu a gidanmu bai yi ko fure ba, sai ƙaya. Baba in ya wuce ya sarƙe masa riga yakan ce, "Wanga itace naki namiji ne, ki haƙura." Ita kuwa ko kallonsa ba ta yi.

Daminar da ta gabaci wancan azumin ba ta yi kirki ba, da wuri ruwa ya ɗauke. Kafin watan Rajab mun ƙara wa guga igiya sau biyu. A cikin Sha'aban guga ya fara dawowa da laka, ran nan kuma ya dawo da ƙasa busasshiya da mataccen kwaɗo. Baba ya leƙa rijiyar ya daɗe, sannan ya ja faifan kwano ya rufe bakinta ya ɗora dutse.

Famfon unguwa ya zama sai kwana uku ya zo sau ɗaya, in ya zo ma kamar fitsarin jariri. Layin garwa da tulu yakan kai har kwanar masallaci, mutum ya ajiye garwarsa tun asuba ya dawo da hantsi ya tarar an ture ta baya. Ni da ƙanwata Binta mu ne masu ɗauko ruwa. Wata rana sai mun dangana da unguwar Gobarau, gidan wani ɗan'uwan Baba da rijiyarsa ba ta ƙafe ba, mu dawo gammo ya jiƙe da gumi, wuya kamar ya karye. Abin da muka kawo Inna ce take rabawa: na sha a randa, na girki a tulu, wanka rabin bokiti kowane mutum bayan kwana biyu. Ƙasarin wankin gero na akuya ne. Ana cikin haka aka ga wata.

Ran ɗaya ga azumi da safe Inna ta shiga lambu ta tsaya riƙe da ƙugu. Muna kallonta daga inuwa. Ta bi kwamin alayyafo ta tsige shi gaba ɗaya, ta tsinke tumatir har da ɗanyu, ta tuge tattasai. Binta ta fara kuka ta ce, "Inna, kashe su za ki yi?"

Ta ce, "Waɗanga duk suna da iri cikin gora, in Allah ya kai mu baɗi za su dawo. Zogale kuwa ya san yadda zai yi da kanshi." Ta juya ta nuna lemun da haɓa. "Wancan ne ba shi da iri cikin gora."

A ranar ta kafa dokar da ta zauna a gidanmu shekara da shekaru. Ba wanda zai ƙara yin alwala a bakin rariya. Ta tona gurbi kewaye da gindin lemun, ta zuba ƙaiƙayi a kai don kada rana ta shanye danshin, ta ajiye wani faffaɗan dutse na ɗora ƙafa da kujera 'yar tsugunno. Da farko ta raba mu: Baba gindin gwanda, ni da Binta gindin gwaiba, ita lemu. Kafin goma ga wata gwandar duka biyu sun karya wuya, gwaiba ta zubar da ganye. Sai ta tattara mu duka ta mayar gindin lemu. Mutum huɗu, salla biyar, kowa da rabin buta. Abin da itacen nan ya rayu a kai ke nan.

Baba a rumfarsa ta dukanci yake yin alwalar azahar da la'asar ya wuce masallaci. Inna ta ce sam, ya riƙa dawowa gida. Ya ce ita wace irin mace ce da za ta sa magidanci ya ratso rana da azumi a bakinsa don itace. Ta ce ai ruwan da yake zubarwa a rumfa ma daga randarta aka ɗebe shi. Da ya ga ba ta da niyyar sakin maganar sai ya ɓullo ta wata hanya, ya ce shi bai tabbata ya halatta a ci 'ya'yan itacen da ya sha ruwan alwala ba, sai ya tambayi liman. Ya tafi da ƙarfinsa, ya dawo a sanyaye.

Inna ta ce, "Malam, mi liman ya ce?"

Ya ce, "Ya ce ba komi." Sannan ya ƙara da cewa, "Wai in ya yi 'ya'ya a tuna da shi."

Daga ranar ko baƙo ne ya zo gidanmu lokacin salla ya yi, Baba da kansa yake cewa a yi gyara, ya shigo da shi har gindin lemu ya miƙa masa buta.

Ni kam na tsani itacen nan, ba zan ɓoye ba. Akwai wata la'asar, ina jin sha bakwai ga wata, da na yi tun hantsi a layin famfo, ana saura mutum uku a zo kaina ruwan ya ɗauke. Na dawo da garwa wayam, leɓena ya tsage, harshena kamar tsumma. Iska ma in ta kaɗo zafi take kawowa. Na tsuguna a kan dutsen nan na ɗebi ruwa na kurkure baki, sanyinsa ya taɓa mini maƙogwaro, dole na furzar da shi a gindin wani abu mai ƙaya da bai taɓa ba ni komai ba. Na ce, "Inna, wai itacen da ko ɗa guda bai taɓa yi ba, shi muke ma bauta haka?"

Tana tankaɗe a bakin madafa, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Kai dai matso da ƙahwarka ciki, kana zubar mani da ruwa waje."

A nan tsugune na yi wa kaina alkawari, in na girma na yi gida, ko ƙasar da za a cika cokali ba za a samu a tsakar gidana ba. Yaro ne ni, yunwa da ƙishirwa ke magana. Abin takaicin shi ne duk alkawuran da na yi a rayuwata, wannan ne na cika ba tare da an tuna mini ba.

Buɗa-bakinmu a shekarar kunun tsamiya ne da kwaɗon zogale, in an samu ƙuli-ƙuli. Kowa da moɗa ɗaya ta ruwan randa kafin salla, wata bayan an ci abinci. Binta ce ta fara lura Inna ba ta shanye ta biyun. Takan kurɓa sau biyu ta faki ido, ta zagaya ta tuttule sauran a gindin lemu. Da Baba ya ji, ranar na ga ɓacin ransa na gaske. Ya ce, "Ke da kika wuni gaban murhu da azumi? In kika hwaɗi, itacen ne zai tashi ya yi mana tuwo?" Ta ce ta ji, ta bari. Ba ta bari ba, ta dai ƙara iya fakon ido.

Aka yi salla ba ruwa. Kowace yamma hadari yakan haɗu a gabas ya yi baƙi, mu fito da kwanoni da bokitai mu jera, sai iska ta taso ta watsa shi, mu kwashe kayanmu mu mayar. Aka fita roƙon ruwa, aka dawo. Ganyen lemun ya nannaɗe ya koma ruwan ƙasa, yana zuba ɗaya bayan ɗaya, har ya zama abin da ya rage a jikinsa bai fi a ƙirga da yatsu ba. Kowace safiya Inna takan kankare ɓawon reshe da farce ta duba. In ta ga kore a ciki ta ce, "Shina nan," ta wuce aikinta.

Sai da aka yi wata guda da kwanaki bayan salla sannan ruwa ya sauko, wata Talata bayan azahar. Ƙamshin ƙasa ne ya fara isowa kafin ɗigon farko. Da ya tsuge kuwa, indararo ya riƙa zuba kamar an ɓalle bakin tulu, ni da Binta muka shiga ciki da kayan jikinmu muna ihu, duk girman da nake ji da shi na manta. Inna ta tsaya a ƙofar madafa ta rufe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa. Da aka kira la'asar ruwan bai tsaya ba, sai ga Baba ya fito daga zaure da buta, ya ratsa tsakar gida cikin ruwan nan tsamo-tsamo, ya je ya tsuguna a gindin lemu yana alwala. Inna ta ce, "Malam, yau ai an yahe maka!" Ya dubi kansa, ya dubi sama, muka fashe da dariya gaba ɗaya har da shi.

Bayan mako guda itacen ya fitar da toho, ƙanana masu laushi. Daminar da ta biyo baya ya yi fure fari, ƙamshi ya cika gidan har zaure. 'Ya'yan farko guda bakwai ne. Inna ta aika wa liman biyu, ta aika biyu Gobarau gidan da suka ba mu ruwa, ta ba maƙwabta biyu. Ɗayan da ya rage ta yanka ta matsa mana a kunu, ta ba ni ɓawon ta ce, "Ungo, kai da ka ce bauta muke." Na tsotse shi har ɗaci ya fito, kuma ban taɓa shan abu mai daɗinsa ba.

Daga nan lemun ya zama na unguwa. Mai mura, mai jego, mai ciki da ke jin tashin zuciya, mai wankin kayan ciki ran layya, duk gidanmu ake turowa. Lambu ya dawo daga cikin gora kamar yadda ta faɗa. Rijiya ta kawo ruwa, famfo ya gyaru, amma ba wanda ya koma bakin rariya. A gindin itacen nan Baba ya yi alwalarsa ta ƙarshe. A nan Hajara ta koyi dokar gidan tun tana amarya, a nan 'ya'yana suka koyi wanke gwiwar hannu.

Ni kuma na girma na shiga sayar da kayan gini, Allah ya buɗa. Siminti da tayil da intalok su ne sana'ata, kullum ina kai wa mutane suna gyara gidajensu, in dawo nawa in tarar da taɓo da damina, ganye da rani, kaji suna tono. Abin yana ci mini rai. Da na sayi mota aka fasa katanga aka sa ƙofar ƙarfe, sai ya zama duk shigowa sai ƙayar lemun ta karce mini fenti. A lokacin idon Inna ya riga ya tafi, ciwon da ya fara mata kamar hazo ya ƙarasa rufe shi. Lambun ma ya ragu, sai abin da Hajara ta iya kulawa da shi. Na yanke shawarar gyara gidan gaba ɗaya, na ce Inna ta koma wurin Binta a unguwar Kambarawa na wata biyu kafin a gama.

Ranar da za ta tafi, na riƙe hannunta zan sa ta a mota, ta tsaya ta ce, "Kai."

Na ce, "Na'am, Inna."

"Ka yi duk abin da za ka yi, gidanka ne. Lemun nan dai a bar shi."

Na ce, "To, Inna." Da bakina na faɗa, ba wanda ya matsa mini.

Da aiki ya zo tsakar gida, birkila ya zagaya itacen ya ce saiwarsa za ta ɗaga intalok cikin shekara biyu, kuma mota ba za ta taɓa juyawa daidai ba. Na daɗe ina ɗora wa mutumin nan laifi, amma gaskiya ba shi ya sa ni ba. Neman wanda zai faɗa mini haka nake yi, na kuwa samu. Hajara ta biyo ni har zaure ta ce, "Alhaji, mi za ka ce ma Inna?" Na ce, "Ai ba ta gani." Ta dube ni wani irin kallo, ta juya ta shige ɗaki.

Itacen da mutum huɗu suka raya da rabin buta, ko awa ɗaya gatari bai yi a kansa ba. Akwai 'ya'ya a jikinsa, suka warwatsu a ƙasa leburori suna tsinta suna cika aljihu. Ƙamshin ɗanyen lemu ya kama rigata, kwana uku ina jin sa. Aka tono kututturen da abin da ya samu na saiwa. Birkila ya ce lemu da taurin rai, in ba a yi masa magani ba sai ya sake tsirowa ta tsakanin duwatsu. Ni na je wurin makaniki na karɓo galan na baƙin mai, ni na tuttula shi a ramin da hannuna. Aka rufe rijiyar ma da kankare, aka shimfiɗa intalok daga zaure har ƙofar madafa. Gida ya yi fes, duk wanda ya shigo sai ya yaba.

Na gargaɗi kowa a gidan kada a faɗa mata. Na lissafa abina, na ɗauko ta dab da magariba, lokacin da ba rana balle ta nemi inuwa. Na ajiye 'yar kujerarta daidai inda take a da. Da aka kira salla ta ce a kai ta gindin lemu. Hajara ta kama hannunta ta zaunar da ita, ni ina tsaye daga baya. Inna ta yi bisimilla ta karkata buta. Ruwan ya faɗi a kan dutse ya yi fat-fat, ya gangara ya nufi rariya.

Ta tsaya da butar a hannu. Ta ɗan ɗaga kai kamar mai shinshina iska. Ban san tsawon lokacin da ta yi a haka ba, ni dai na ji kamar an shekara. Sai ta ci gaba da alwalarta har ta wanke ƙafa, ta miƙa hannu a tashe ta. Abin da ta ce kawai shi ne, "Mutane sun ce gida ya yi kyau. Allah shi sa albarka."

Wautata ba ta tsaya nan ba. Na riƙa sayo lemu a kasuwa ina kai mata in ce ga na gida an tsinko. Takan karɓa ta kankare ɓawon da farce ta kai hanci, ta ce, "Madalla," ta ajiye a gefen filo. Ban taɓa ganin ta sa an matsa mata shi ba. Kuma ba ta fasa zuwa wurin nan ba, salla biyar, ko da azahar da dutsen yake ƙona tafin ƙafa. Na yi mata banɗaki mai tayil a cikin ɗakinta da famfo a kusa da hannu, ta ce ita ba ta saba ba. Da na ga rana tana dukanta sai na sa aka kafa mata 'yar rumfar kwano a wurin, ina jin kunyar kaina ina ba da umarnin. Haka muka yi shekara biyu, ita ba ta tambaya ba, ni ban faɗa ba.

A ciwonta na ƙarshe ƙafa ta daina ɗaukarta. Wata la'asar ta ce lallai sai an fitar da ita. Na ɗauke ta cak, ba ta fi nauyin yarinya ba, na zaunar da ita a kujerar, na riƙe mata buta ina zuba mata a hannu. Ruwan yana faɗuwa a dutse yana wannan ƙara da na tsana. Sai na ji ba zan iya ba kuma. Na ce, "Inna, ina da magana. Lemun nan, na sa an sare shi tun lokacin gyara. Ki yahe mani."

Ta shafa kanta, ta shafa kunne, sannan ta ce, "Yaron nan, kai kana ganin ban sani ba? Tun ranar da na dawo na sani. Ƙasa in an ba ta ruwa shiru take ta sha. Wannan dutse kuwa tahi yake mani."

Na ce, "To, Inna, mi ya sa kike ta wahalar da kanki kina hitowa cikin rana?"

Ta ce, "Ai sama kunka sare. Saiwa tana nan ƙasa. Na taɓa da hannu na ji akwai 'yar ƙasa tsakanin duwatsun nan naka, na ce in ana ba ta kullum wani abu zai kai mata. Lemu da haƙuri, wata rana sai ka ga ya leƙo." Ta miƙo ƙafa. "Zuba a hankali, kana zubar mani da ruwa waje."

Na zuba. Hawayena yana sauka a kan ƙafarta tare da ruwan. Maganar baƙin mai ta zo mini har baki na haɗiye ta. Har yau ban sani ba ko tausayinta ne ya hana ni ko tsoro. Ta ce ta yafe mini saran itace, amma abin da ya fi saran muni ban ba ta damar yafewa ba. Bayan kwana goma sha ɗaya ta rasu, tana jiran saiwar da na kashe da hannuna.

Bayan sadakar arba'in na ɗauko ƙarfe na ɓanɓare duwatsu goma sha biyu a wurin, na cire rumfar. Na sayo dashen lemu na sa, ya yi wata guda ya ƙone. Na sake sa wani, shi ma haka. Sai na haƙa ramin har ƙuguna, ƙasar tana fitowa baƙa tana warin gareji bayan duk shekarun nan, na kwashe ta na kawo jar ƙasa da takin awaki na cika. Na ukun ne yake nan yanzu, ya kai gwiwata, ganyensa rabi kore rabi rawaya. Mota kuwa a waje take kwana.

Yanzu ruwa ba ya yanke mana. Akwai rijiyar burtsatse, akwai tanki a sama, akwai tiyo da zai jiƙa wurin nan cikin minti ɗaya. 'Ya'yana suna mamakin abin da ya sa ba na yarda a ba shi da tiyo, suna dariya in sun ga na baro banɗaki mai sanyi na fito rana da tsohuwar buta.

Ran da na dawo da busasshen lemun nan daga kasuwa, na miƙa wa Hajara ledar, ta leƙa ciki ta wuce da ita madafa. Aka kira la'asar. Na ɗauki butar Inna na cika ta rabi, na zauna a 'yar kujerarta, na matso da ƙafata ciki. Na kurkure baki da ƙishirwa a maƙogwarona kamar wancan azumin, na furzar a gindin dashen. Ƙasar ta shanye shiru, ko ƙara babu. Na daɗe zaune ina sauraron shirun nan ni kaɗai, har Hajara ta leƙo ta ce, "Alhaji, an fa tada salla."